Ɗaukar Lauya Kan Raunin Wurin Aiki: Ƙaddara, Haƙƙi da Amana

Neman diyya kan raunin da mutum ya samu a bakin aiki mas'ala ce da ta shafi aƙida da fiƙihu da dokar ƙasa. A Kankiya da Kusada, waɗanda abin ya fi shafa su ne birkiloli da leburorinsu, masu haƙar rijiya, masu walda, yaran injin niƙa da na casa, direbobi da 'yan dako a kan hanyar Kano zuwa Katsina wadda ta ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, sai ma'aikatan ƙananan hukumomi da na asibiti. Idan inji ya cinye yatsun yaro, ko katanga ta rufta wa lebura, abin da aka fi ji shi ne "tsautsayi ne" da "haka Allah ya so." Daga nan tambayoyi uku suke tasowa: ko neman diyya ya saɓa wa yarda da ƙaddara, ko ya halatta a wakilta lauya, da kuma irin lauyan da ya kamata a wakilta.

Game da ta farko, malaman Sunna sun bambanta tsakanin yarda da abin da Allah ya hukunta da kuma sarayar da haƙƙin da shari'a ta tabbatar. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, duk da cewa mai kisan bai yi nufi ba kuma ajali ne ya zo. Ta bar wa iyalin mamaci zaɓin yafewa a matsayin sadaka. Suratus Shura ta yaba wa mai yafiya, sannan ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an cuce shi. Ke nan yafiya falala ce ga mai haƙƙi, ba bashi ba ne a kansa. Wanda ya yafe don kunyar maigida ko tsoron kora, alhali 'ya'yansa za su kwana da yunwa, bai kai matsayin wanda ya yafe da daɗin rai ba. Idan kuma ma'aikacin ya rasu ya bar ƙananan yara, waliyyinsu ba shi da ikon yin kyauta da rabonsu, domin dukiyar maraya amana ce a hannunsa.

Shari'a ta ƙayyade diyyar gaɓoɓi tun a wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazm, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 ga masu mu'amala da zinariya. Hannu ɗaya rabin wannan ne, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Sai dai wannan diyya tana hawa ne kan wanda ya jawo raunin ta hanyar aikinsa ko sakacinsa. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya nuna babu ramuwa a abin da rijiya ko ramin ma'adinai ya halaka, kuma malamai sun fassara shi da cewa wanda ya ɗauki mutum haƙar rijiya, ta rufta masa ba tare da laifin mai aikin ba, ba ya biyan diyya. Lamarin yana canzawa idan maigida ya ba da ruɓaɓɓiyar igiya yana sane, ko ya ɓoye lahanin inji, ko ya ɗora ƙaramin yaro kan aiki mai haɗari.

Dokar Nijeriya ta bi wata hanya. Dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ba ta buƙatar a tabbatar da laifin maigida. Ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, gwamnati da 'yan kasuwa, su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a wani asusu da hukumar NSITF take kula da shi, kuma ta hana a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan magani da diyya, wadda kan kai kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata ga wanda ya nakasa gaba ɗaya. Dokar ta soke duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya sa hannu cewa ya haƙura da wannan haƙƙi. Tsarin yana da kama da na aƙila a fiƙihu, inda dangi ko abokan rajista ɗaya a diwani suke raba nauyin diyyar kuskure don kada ya durƙusar da mutum guda. Matsalar yankin ita ce yawancin aiki na baka ne, ba takarda ba rajista, don haka tabbatar da cewa wane ma'aikacin wane ne yakan zama rabin shari'ar.

Tambaya ta biyu tana da tarihi. A zamanin En'e lauyoyi ba sa tsayawa gaban alƙali, mai ƙara shi yake faɗin da'awarsa da bakinsa. Sai bayan tsarin mulki na 1979 hukunce-hukuncen manyan kotuna suka buɗe musu ƙofar kotunan alƙalai. Daɗewar da aka yi ba lauya a gaban alƙali ta taimaka wajen kafuwar ra'ayin cewa lauya baƙon abu ne, aikinsa mai da ƙarya gaskiya. Amma wakilci a husuma tsohon babi ne a fiƙihu. An ruwaito Sayyidina Ali yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a shari'o'insa, daga baya ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibnu Asim, waɗanda alƙalan ƙasar Katsina suka daɗe suna hukunci da su, sun halatta shi da sharuɗɗa. Ba a wakilta fiye da mutum ɗaya sai da yardar abokin shari'a, ba a wakilta maƙiyinsa don a muzanta shi, kuma wanda ya riga ya zauna da abokin shari'arsa sau uku gaban alƙali ba ya kawo wakili sai da uzuri.

Iyakar halaccin ita ce gaskiyar da'awa. Aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana tsaya wa maha'inta. Hadisin Ummu Salama ya yi gargaɗi cewa wani kan fi wani iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya karɓa ta haka yanki ne na wuta. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Saboda haka wakilci ba ya sauke nauyi daga kan mai ƙara. Idan lauya ya sa aka ƙara girman rauni a takardar likita, ko ya sayo shaidu, wanda ya wakilta shi yana sane ya yi tarayya a zunubin. Haka maigidan da ya ɗauki lauya don ya ja shari'a har talaka ya gaji ya bari.

A tambaya ta uku, ma'aunin shi ne wanda Suratul Ƙasas ta ambata game da ɗaukar ma'aikaci: ƙarfi da amana. Ƙarfin lauya shi ne sanin fannin. Dokar 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da maigidansa, ta ba maigida kwana 7 ya sanar da hukuma, ta sa shekara 1 a matsayin wa'adin shigar da buƙata, sai in akwai uzuri na musamman. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, rigingimun aiki suna ƙarƙashin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano, ba kotun shari'a ko ta majistare da ke kusa ba. Lauyan da ya ƙware a filaye ko gado yana iya kai ƙara inda ba hurumi, lokaci ya ƙure. Wanda ya san aikin zai fara tambayar katin asibiti, sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu, da shaidar biyan albashi ko lada.

Amana kuwa tana da alamomi. Lauya na gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana kuma da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da yake liƙawa a takardunsa. Ƙa'idojin sana'ar sun hana shi bin majinyata asibiti ko tura 'yan kamasho su farauto masa ƙara. Amintacce yana faɗa wa mai ƙara raunin hujjarsa, ba ya alƙawarin nasara, ba ya yin sulhu da ɗaya ɓangaren a bayan idonsa. Wanda ya ci kuɗin mai ƙara ana iya kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon a soke sunansa.

Kuɗin aiki ma yana da hukunci. Ƙa'idojin lauyoyi sun yarda a yi yarjejeniyar biyan kaso daga abin da aka samu a shari'ar da ba ta laifi ba. Malaman fiƙihu sun saɓa a kai: Malikawa sun sharɗanta ladan ya zama sananne tun farko, wasu malamai kuma sun halatta kaso idan an ambaci adadinsa. Abin da ya fi kuɓutar da kowa shi ne a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a fayyace wanda zai ɗauki kuɗin mota da na takardu. Marar hali yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976, ko ya shigar da buƙatarsa ga NSITF da kansa, tunda matakin farko cike takardu ne.

Ɗaukar lauya bai rufe ƙofar sulhu ba. A garuruwan da maigida da yaronsa suke sallah a masallaci ɗaya, wataƙila ma akwai auratayya, yawancin irin waɗannan matsaloli suna ƙarewa a zauren mai unguwa ko dagaci, ko a fadar hakimi, wato Kantin Katsina a Kankiya da Bebejin Katsina a Kusada. Musulunci ya fifita sulhu matuƙar bai halatta haram ba. Sharaɗinsa shi ne mai rauni ya san girman haƙƙinsa kafin ya rage ko ya yafe, domin wanda aka ba kuɗin magani kawai alhali ya rasa hannun sana'arsa har abada bai san abin da ya sarayar ba. Aikin lauyan ƙwarai a nan shi ne ya ƙiyasta asarar, ya bayyana wa ɓangarorin abin da doka da shari'a suka tanada, ya rubuta abin da aka amince a kai, sannan ya bi sawu har a biya.