Majami'ar Harobanda da Tambayar Katanga

Majami'ar Saint Paul ta Katolika tana Harobanda, a ƙetaren kogin Isa, ɓangaren da Yamai ba ta bazu cikinsa sosai ba sai bayan buɗe gadar Kennedy a 1970 da zaman jami'a a can. Fada François Faroud ne ya kafa mishan ta farko a birnin a 1931, kuma da gari ya yi ta faɗi sai majami'u suka bi masu ibada zuwa Garbado da Yantala da Saga. Irin waɗannan gine-gine galibi ba su da wani ado na a zo a gani: bulon siminti ne da rufin kwano, da fili inda jama'a ke tsayawa gaisawa bayan addu'a. Da kayan da aka gina shagon tela da makarantar unguwa aka gina su, kuma a ganina nan ne ƙarfinsu yake, domin ginin da ya yi kama da maƙwabtansa ya fi saurin zama nasu.

Ranar 17 ga Janairun 2015 ta jarraba wannan ra'ayi. A tarzomar da ta fara daga Damagaram bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, 'yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a Yamai, mutum biyar suka rasu. Saint Paul na cikin waɗanda wuta ta ci. Babbar majami'ar Notre-Dame du Perpétuel Secours kuwa ta tsira, saboda jami'an tsaro sun kewaye ta. Mai ja da ni zai ce to ga amsa nan: a ɗaga katanga, a ɗora waya, a sa ƙofar ƙarfe. Ban raina wannan ba, wanda ya ga bencinsa ya zama toka ba a yi masa wa'azin sakin jiki. Sai dai sojoji ne suka ceci babbar majami'a, kuma babu gwamnatin da za ta ajiye soja a ƙofar kowace majami'ar unguwa. Katanga takan jinkirta taron da ya fusata na ɗan lokaci. Mai iya mayar da shi shi ne dattijon da ya san samarin da sunayen iyayensu. Doguwar katanga kuma tana raba wannan dattijo da sanin abin da ke ciki.

Akwai masu cewa majami'a kayan baƙi ce, ta 'yan Benin da Togo da Burkina Faso, tunda Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan Nijar ba. Baƙin suna da yawa a ciki, gaskiya ne, amma baƙo ma yana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma aya ta 40 ta Suratul Hajji ta lissafa majami'u tare da masallatai cikin wuraren ibadar da Allah ke kare wa rushewa. Babban bishop na Yamai ma, Laurent Lompo, wanda aka naɗa a 2014, Bagurme ne ɗan ƙasa daga yankin Makalondi.