Jarin Mai Ƙosai a Wuyan Wa Yake?

Alhamis ce ranar Kasuwan Magani. Tun hantsi bai dubi ludayi ba motocin kaya ke jeruwa a bakin titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Kachia, 'yan baro na ratsa jama'a da buhunan masara da dawa da wake, matan Adara na sauke abin da suka ɗauko daga ƙauyukan Kajuru, Fulani na shigowa da nono da dabbobi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama. A gefe guda, inda hayaƙi ke tashi, ba a rasa wata dattijuwa zaune gaban kasko. Jarinta kaf bai wuce 'yan mudu na wake da kwalaben mai da ɗaurin itace ba. Wani ɗan baro zai tsaya ya ce, "Mama, ƙosan naki ya ƙanƙance." Ita kuma, ba tare da ta ɗago kai daga kaskon ba, ta ce, "Ɗana, je ka tambayi mai wake."

Mai wake zai tura shi wurin direba, direba ya tura shi gidan mai, gidan mai kuwa ya nuna Abuja. A nan tambayar ta tsaya, kuma tambaya ce ta addini tun kafin ta zama ta tattalin arziki. Idan jarin wannan mata ya karye, abin da gwamnati za ta miƙo mata kyauta ce da za a jira ta yi godiya a kai, ko kuwa hakkinta ne da ake bin mai mulki?

Garin Kasuwan Magani ya san karayar jari ciki da bai. A watan Fabrairun 2018 an yi rikicin da ya ci rayuka da gidaje da shaguna. Ranar Alhamis 18 ga Oktoba na wannan shekarar, ana tsakar cin kasuwa, wata hatsaniya ta rikiɗe ta zama faɗan addini, 'yan sanda suka ce mutum 55 suka rasu. Washegari aka sace Agom Adara, wato sarkin Adara, Maiwada Galadima, daga baya aka tsinci gawarsa. Mutane ba su gama share toka ba sai ga korona, Jihar Kaduna ta shiga kulle daga ƙarshen Maris zuwa Yunin 2020, kasuwanni a rufe. A farkon 2023 canjin kuɗi ya ɗauke takardun naira daga hannun mutane, a kasuwar da kusan kowane ciniki hannu da hannu ake yinsa. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A daminar wannan shekarar kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko har yankin Kafanchan, ta ruɓar da amfanin da dubban gidaje ke dogaro da shi. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta wuce kashi 40 cikin ɗari.

Akwai amsar da ake yawan ji a rumfuna, kuma ba ta banza ba ce: arziki na Allah ne, tsada da araha duk nasa ne. Masu wannan magana suna da madogara. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, bai yarda ba, ya mayar da al'amarin ga Allah, ya kuma nuna tsoron kada ya zalunci kowa a dukiyarsa. Sai dai wanda ya tsaya a wannan hadisi kaɗai ya karanta rabin shafi ne. Annabin da ya ƙi ɗaure hannun mai sayarwa shi ne ya zaɓa wa Musulmi filin kasuwa a Madina ya hana a ɗora mata haraji, shi ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, shi ya hana tare fatake a hanya kafin su san farashin gari. Ya bar ciniki ga masu ciniki, amma bai bar kasuwa ba mai tsaro ba.

Abin ya ƙara fitowa fili a zamanin Sayyidina Umar. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya ƙone Hijaz har ƙasa ta koma kamar toka, mutanen karkara suka kwararo Madina. Umar bai ce musu su yi haƙuri kawai ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, suka aiko da abinci. Ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara. Shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ciyarwa, da sauke nauyi, da shiga cikin wahalar da kansa: duka ukun ya haɗa, kuma babu inda aka ce ya tara jama'a su yi masa godiya.

Ba sai an je nesa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda ake kira Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban sarki: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa, tare da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Mahaifinsa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya saka abin da ake ƙwata daga hannun masu sayarwa a kasuwa cikin alamomin mulkin zalunci. Gaskiya ne tarihin wancan zamani yana da ɗaci a bakin mutanen kudancin Kaduna, waɗanda kakanninsu suka sha harin bayi, kuma ba a ce su manta ba. Amma ma'aunin da littattafan suka kafa yana hawa kan kowane mai mulki, har da waɗanda suka yi sarauta da sunansu.

Da yawa daga masu cin wannan kasuwa ranar Lahadi coci suke tafiya, kuma littafinsu bai yi shiru ba. A Maimaitawar Shari'a an hana mai bin bashi ya karɓi dutsen niƙa jingina, domin abin neman abincin mutum daidai yake da ransa. Nehemiya, yana gwamna a lokacin yunwa, ya tara manyan gari ya tsawata musu a kan ruwan da suke ɗora wa 'yan'uwansu, ya sa suka mayar da gonaki da gidaje, shi kuma ya ƙi karɓar abincin da aka saba ba gwamna saboda nauyin da ke kan jama'a. Kaskon mai ƙosai shi ne dutsen niƙanta. Limami da fasto na iya saɓawa a abubuwa da yawa, amma a wannan gaɓa bakinsu ɗaya ne.

To, akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar maganar. Farin zamanin Umar daga sama ya zo, haka ma cutar citta. Amma ƙarancin takardun kuɗi da tashin farashin mai daga alƙalamin masu mulki suka fito. Mai yiwuwa suna da hujja. Masana da yawa sun daɗe suna cewa tallafin mai rami ne da ba ya cika. Duk da haka, wanda ya rushe katangarsa don ya gyara gida, ta faɗa kan rumfar maƙwabci, ba ya kiran abin da zai biya sadaka. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa cuta kawar da ita ake yi, da wata cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa rataye yake da maslaharsu. Gwamnatin Kaduna da kanta ta yi aiki da wannan fahimta a 2023, lokacin da ta haɗu da Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli a kan canjin kuɗi, kotun kuma ta yanke ranar 3 ga Maris cewa tsoffin takardun su ci gaba da aiki. Hakki aka je nema a can, ba alfarma ba. Idan Umar ya ga wajibi ne ya ɗauki nauyin bala'in da ba shi ya jawo ba, ina ga wanda hannunsa ke cikin lamarin?

Da zarar an yarda hakki ne, sai ma'aunin ya sauya. Kyauta ko ƙanƙanuwa ce an gode, amma hakki ana duba ko ya cika. A jawabinsa na 31 ga Yulin 2023, Shugaba Tinubu ya yi alkawarin naira 50,000 ga ƙananan masu sana'a miliyan ɗaya, wato kimanin 1,300 a kowace ƙaramar hukuma, da rancen naira biliyan 75 ga ƙanana da matsakaitan masana'antu a kan ruwa kashi 9. Ƙididdigar hukuma kuwa ta ce irin waɗannan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40. Mutum ɗaya ke nan cikin arba'in. Kajuru baki ɗayanta, da Kufana da Kallah da Maro da sauran garuruwanta, za ta raba abin da bai kai yawan masu baje kaya a Kasuwan Magani ranar Alhamis ɗaya mai kyau ba. Sannan a intanet aka nemi tallafin, da lambar ɗan ƙasa da ta banki. Dattijuwar da asusunta ke ɗaure a bakin zane ta fita daga lissafi tun kafin a fara. Shi ya sa ƙoƙarin gwamnatin Kaduna ta Uba Sani na buɗe wa talakawa asusun banki ya cancanci yabo, ko da yake asusu ƙofa ce kawai, ba abinci ba. Batun ruwa ma yana mayar da wasu baya, domin akwai ɗan kasuwar da ya gwammace ya rufe shago da ya ci riba. Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin rance marar ruwa a 2020, irin wannan tsari kuwa ya kamata a tabbatar labarinsa ya isa rumfa, bai tsaya a ofis ba.

Adalci kuma ya hana a sauke duk kayan a kan gwamnati. Lokacin da aka fito da TraderMoni a 2018, rancen naira 10,000 ne ba jingina, a biya cikin wata shida a sami wanda ya fi shi. Da yake ana dab da zaɓen 2019 aka yi ta rabawa, mutane da yawa suka ɗauka rabonsu ne ya tsaga, suka ce kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Kuskure ne mai nauyi. Kuɗin na wadda ke bayanka a layi ne, kuma ranar da ka ƙi biya ita ka hana. Manzon Allah ya taɓa ja da baya daga sallatar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki biyan a wuyansa. Amma ruwayoyin sun ci gaba da cewa da Allah ya buɗa wa Musulmi, sai Annabi ya mayar da bashin wanda ya mutu bai bar abin biya ba a kan kansa. Mai hali ya biya, wanda ya gaza a jinkirta masa kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni, wanda ya durƙushe gaba ɗaya baitulmali ya tallafe shi. Laifin ɗan siyasa shi ne ya ɓata wannan tsari tun daga tushe, ya miƙa rance da fuskar kyauta, ya miƙa hakki da fuskar alheri.

A Kasuwan Magani akwai ƙarin wani abu da ba kowane gari ke da shi ba. Gwamnatin Kaduna ta Nasiru El-Rufa'i ta sake gina kasuwar, aka buɗe ta a watan Agustan 2021, kuma aiki ne da ya dace, domin wanda ya kasa kare rumfa daga wuta ya wajaba ya tayar da ita. Sai dai a garin da aka taɓa zubar da jini, jerin sunayen masu samun shago ko tallafi ba takarda ba ce kawai. Kowa zai karanta ya ƙirga Musa nawa, Bitrus nawa. Rabon da aka yi a ɓoye, ko da na gaskiya ne, zargi yake haifarwa, zargi kuwa a nan an san inda yake ƙarewa. Saboda haka ya kamata sunayen su fito daga bakin waɗanda suka san wa ke sana'a da gaske, wato sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi da mahauta da 'yan baro da iyayen adashe, a karanta su a fili ranar kasuwa, limami na tsaye, fasto na tsaye.

Wani tallafin ma ba ya buƙatar jerin sunaye. A ɗage kuɗin tikiti daga kan masu tallan tire da kasko har abubuwa su lafa, kamar yadda Umar ya jinkirta zakka. A rage shingayen da direba ke sauke wani abu a kowannensu, tunda a kan mudun wake kuɗin ke komawa. A tsare hanyar Kaduna zuwa Kachia da hanyoyin ƙauyukan Kajuru, inda masu garkuwa da mutane suka sa manomi ke tunani sau biyu kafin ya ɗauko buhu, fatake kuma suke sallama tun azahar don kada dare ya riske su. Wannan yana isa ga kowa a lokaci ɗaya, ba ya tambayar addini ko lambar banki.

Da la'asar sakaliya kasuwa ta fara watsewa. Dattijuwar ta sauke kasko, ta juye sauran mai a kwalba ta ɗaga shi sama tana auna ko zai kai gobe. Ta kwance bakin zane ta kasa kuɗin kashi uku a cinyarta: na mai wake wanda ya ba ta bashi da safe, na uwar adashe da ke tafe yanzu da littafinta, da na cefanen gida. Kashi na ukun ya fi sauran ƙanƙanta, sai ta zari takarda ɗaya daga cikinsa ta ƙara a na mai wake, ta kira jikarta ta ce ta kai masa kafin ya ɗaure buhu.