Riwayar Tauraron Ɗan'adam da Ma'aunin Malaman Hadisi

Tambayar ko yaushe ne ya halatta mutum ya gina aiki a kan labarin da ba shi da ikon tabbatarwa da idonsa tsohuwa ce a wurin malaman Musulunci, amma ta sake tasowa tun da taurarin ɗan'adam suka fara ba da rahoto game da wuraren da ƙafar mutum ba ta cika takawa ba. Tauraron ICESat-2, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a Satumban 2018, yana aiko hasken leza sau 10,000 a kowace daƙiƙa daga nisan kimanin kilomita 500, ya ƙidaya lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo, sannan daga wannan a lissafa tsayin shimfiɗar ƙanƙarar da ta rufe Antatika da Girinlan. Abin da ya auna, ke nan, lokaci ne, tsayin kuwa fassara ce da aka yi wa lokacin, kuma a tsakanin awo da fassara ne kuskure yake samun wurin zama.

Shi ya sa masanan hukumar suka bi layin digiri 88 na kudu, inda hanyoyin tauraron suke cunkushewa, suna jan na'urar GPS a kan ƙanƙara tsawon kimanin kilomita 300, kuma da aka gwama awon biyu a 2019 sai aka ga saɓanin bai wuce ƴan santimita ba. Wannan aiki ya yi kama ƙwarai da abin da malaman hadisi suke yi wa mai riwaya. Sun raba sharaɗinsa gida biyu: adala, wato kada ya zama mai ƙarya ko fasiƙi, da dabɗi, wato kiyaye abin da ya ji ba ƙari ba ragi. Na'ura ba ta da son zuciyar da zai sa a tuhumi adalarta, saboda haka duk shari'arta a kan dabɗi take, kuma Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan hijira, ya bayyana cewa ana gane dabɗin mutum ne ta hanyar gwama riwayoyinsa da na amintattun da aka riga aka sani.

Sai dai malaman ba su tsaya nan ba, domin sun lura cewa amana tana da iyakar ƙasa. Isma'ilu ɗan Ayyash, alal misali, ana karɓar abin da ya ruwaito daga mutanen Sham, ƙasarsa, ana kuma raunana abin da ya ɗauko daga mutanen Hijaz. Haka ma tauraron: tsakiyar Antatika, inda aka tantance shi, shimfiɗaɗɗen wuri ne kamar faifai, alhali gefen ƙanƙarar, inda take tsagewa tana gangarawa cikin teku, kuma inda aka fi bukatar sanin gaskiya, shi ne ya fi wuyar awo daga sama, ya kuma fi wuyar zuwa ta ƙasa.

A ƙasar Kurfai, wato kewayen Filinge a Nijar, wannan matsala ba ta ƙanƙara ba ce, ta ruwan sama ce. Taurarin Meteosat ba sa ganin ɗigon ruwa. Abin da suke aunawa shi ne sanyin saman gajimare da tsawon lokacin da ya yi a kan wuri, daga nan a ƙiyasta milimita nawa suka zuba, kuma da irin wannan ƙiyasi cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, take taimakawa wajen bin sawun damina. A 1990 shirin EPSAT-Nijar ya kakkafa ma'aunan ruwa kusan ɗari a kewayen Yamai don a tantance ƙiyasin, aka kuma tabbatar da abin da kowane manomi ya sani, cewa hadari ɗaya yana iya cika tafki a wannan ƙauye ya bar na gaba da ƙura. Filinge kuwa, da ke cikin Dallol Boso wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, tana waje da filin da aka kafa ma'aunan, a inda ruwa ya fi ƙaranci. Manomin Kurfai da ya tona ramin shuka da hannu bayan ruwan farko, ya dunƙula yashin ya ga ko zai kama jikinsa kafin ya saki irin gero, ya fi tauraro sanin gonarsa, ko da yake bai san abin da ya sauka a ƙauyen Tukunus ba sai ya ji a kasuwa. Kowannensu yana da makantarsa, kuma darajar gwama su ta zo ne daga cewa makantar ba iri ɗaya ba ce.

Mai jayayya yana iya cewa wa ya tantance mai tantancewa, tun da ita ma GPS daga taurari take karɓar labari, ma'aunin ruwa kuma iska tana karkatar da abin da zai faɗa cikinsa, mai karanta shi kuma yana iya makara har rana ta sha wani abu. Wannan shi ne abin da malaman tauhidi suke kira tasalsuli, wato sarƙar dalilai da ba ta da ƙarshe, kuma gaskiya ne cewa awo ba ya fita daga cikinta zuwa yaƙini tsantsa. Abin da yake bayarwa shi ne rinjayen zato, wanda fiƙihu ya daɗe da yarda a yi aiki da shi, kamar yadda mazhabar Malikiyya take ɗaukar azumi da shaidar adilai biyu da suka ga wata. Bambancin kawai shi ne masu awo suna rubuta girman shakkarsu da lamba kusa da sakamakon. Kuma kamar yadda malaman hadisi suke bambanta abin da mai riwaya ya faɗa kafin ƙwaƙwalwarsa ta rikice da abin da ya faɗa bayan haka, haka lezar tauraron ICESat na farko, wanda ya yi aiki daga 2003 zuwa 2009, ta riƙa raunana da shekaru, abin da ke nuna cewa tantancewa sau ɗaya ba ta wadatarwa; an kuwa sake komawa layin digiri 88 fiye da sau ɗaya maimakon a wadatu da tafiyar farko.