Batista: Mulki ne ya ɓata shi, ko asirinsa ya tona?

Tsohuwar muhawara ce tsakanin masu hikima: mulki ne ke lalata mutum, ko abin da ke cikinsa tun azal yake fitarwa? Rayuwar Fulgencio Batista na ƙasar Kyuba ta ba kowane ɓangare abin kafa hujja.

Ɗan talakawa ne, haifaffen garin Banes a 1901. Ya sari rake, ya yi aikin reluwe, ya shiga soja a 1921. A Satumban 1933, yana sajan mai aikin rubutu, ya jagoranci boren ƙananan sojoji, ya wayi gari kanar kuma shugaban rundunar.

Masu cewa giyar mulki ce ta ɗebe shi daga baya sukan nuna 1940. Ya ci zaɓen shugaban ƙasa, ya yi mulki ƙarƙashin sabon kundin tsarin mulkin da ya kare haƙƙin ma'aikata. A 1944, da ɗan takararsa ya sha ƙasa a hannun Ramón Grau, ya miƙa mulki salin-alin, ya tafi Florida.

Hujjar tana da rauni. Shekaru bakwai kafin zaɓensa, daga barikin Columbia yake naɗa shugabanni yana tuɓe su. A 1944 kuwa doka ce ta hana shi tazarce, ba shi aka kayar ba. Jarrabawar gaske sai a 1952 ta zo, da ya sake tsayawa takara, ƙiyasi ya nuna shi ne na uku. Ranar 10 ga Maris, saura ƙasa da wata uku a yi zaɓe, ya shiga barikin cikin dare, ya kifar da shugaba Carlos Prío, ya jingine tsarin mulkin da ya taɓa rantsuwa a kansa. Hali zanen dutse: mutumin ya bi doka ne muddin tana biya masa buƙata.

Wani matashin lauya mai neman kujerar majalisa, Fidel Castro, ya kai ƙara kotu kan juyin mulkin, aka yi watsi da ita. A Yulin 1953 sai ya kai wa barikin Moncada hari. Daga nan azabtar da 'yan adawa ta ƙaru, gidajen cacar 'yan daba irin su Meyer Lansky suna bunƙasa a Havana.

Da 'yan tawayen Castro suka ci ƙarfinsa, da tsakar daren 1 ga Janairun 1959 Batista ya hau jirgi ya tsere Jamhuriyar Dominika. Ya mutu a Sifaniya a 1973, bai sake taka Kyuba ba.