Ƙarfi da Alƙawari: Gurbin Adalci a Ilimin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa

Ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa ya samu kujerar farfesa ta farko a shekarar 1919, a jami'ar garin Aberystwyth da ke yankin Wales na Birtaniya. Wani attajiri mai suna David Davies da 'yan'uwansa mata ne suka ɗauki nauyinta, don tunawa da ɗaliban da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye, aka kuma raɗa mata sunan shugaban Amurka Woodrow Wilson. A wannan shekarar ce jami'ar Georgetown ta buɗe makarantar horar da jami'an diflomasiyya a Washington, sannan a 1927 aka kafa wata cibiyar a Geneva. Fannin ya taso ne daga jimamin yaƙi, da fatan a gano musabbabinsa a magance shi. Saboda haka tun ranar farko akwai tambaya ta falsafa da addini a ƙarƙashinsa: shin adalci da cika alƙawari suna hawa kan ƙasashe kamar yadda suke hawa kan mutum, ko kuwa tsakanin ƙasashe fin ƙarfi ne kawai ke yanke hukunci?

Ɗalibin da ya tafi karatun wannan fanni a Ingila ko Amurka yakan ci karo da tambayar tun a darussan farko, cikin labarin tsibirin Melos da masanin tarihin Girka Thucydides ya rubuta. A shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsakiyar yaƙi tsakanin Atina da Sparta, sai rundunar Atina ta sauka a wannan ɗan tsibiri da ya zaɓi zama ɗan ba-ruwanmu. Manzannin Atina ba su yi wani kwana-kwana ba: ko dai mutanen Melos su miƙa wuya su biya haraji, ko a murƙushe su. Dattawan tsibirin suka kawo maganar gaskiya da adalci, suka ce sun dogara da allolinsu da kuma dangantakarsu da Sparta. Manzannin suka nuna musu cewa irin wannan magana ba ta da wurin zama idan ƙarfi bai zo ɗaya ba. Melos ta ƙi. Aka yi mata ƙawanya har ta faɗi, aka kashe mazan da suka balaga, aka sayar da mata da yara bayi, aka kawo mutanen Atina suka zauna a gidajensu. Sparta ba ta zo ba.

A kan wannan labari, da kuma littafin Thomas Hobbes na 1651, aka gina abin da za a iya kira mazhabar ƙarfi da maslaha. Hujjarta a taƙaice ita ce: a cikin gari akwai sarki, akwai alƙali, akwai ɗan sanda, don haka wanda aka zalunta yana da inda zai kai kuka. Tsakanin ƙasashe kuwa babu sarki a saman sarakuna. Kowace ƙasa ita ce mai gadin kanta, kuma shugaban da ya dogara da kyakkyawar niyyar maƙwabcinsa ya jefa talakawansa cikin haɗari. E. H. Carr, wanda ya hau kujerar Aberystwyth ɗin a 1936, ya fitar da littafi a 1939 yana caccakar waɗanda suka ɗauka cewa taro da takardu za su hana yaƙi. Hans Morgenthau ya shimfiɗa mazhabar a littafinsa na 1948 a jami'ar Chicago, Kenneth Waltz kuma ya sake mata gini a 1979, inda ya ɗora alhakin a kan tsarin duniya marar shugaba maimakon muguntar zuciyar ɗan Adam.

Ba a iya kawar da wannan mazhaba da wa'azi, domin tarihi ya sha ba ta gaskiya. A watan Oktoba na 1935 Italiya ta afka wa Habasha, alhali dukansu biyu mambobi ne na Majalisar Ƙawancen Ƙasashe da aka kafa a 1920. Majalisar ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, amma ta cire man fetur daga ciki, ba a kuma rufe mata mashigin Suez ba. Sojojin Mussolini suka yi amfani da iska mai guba. A watan Yuni na 1936 Sarki Haile Selassie ya tsaya a zauren Geneva ya kai kukan ƙasarsa, wata guda bai cika ba aka janye takunkumin. A Afrilun 1994, ana cikin yankan mutane a Ruwanda, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage dakarunsa a ƙasar zuwa 270, kuma cikin kwana ɗari aka hallaka mutane kusan dubu ɗari takwas. Shi kansa kwamitin an gina shi ne a 1945 bisa zaman kashin dankali: ƙasashe biyar, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, kowace na iya hawa kujerar na-ƙi ta kashe ƙuduri ko da sauran duniya sun amince da shi.

Inda matsalar falsafar take shi ne wurin da bayani ke rikiɗewa ya zama fatawa ba tare da an lura ba. Cewa ƙasashe sukan bi maslaharsu bayanin abin da ke faruwa ne. Cewa ya halatta su taka kowane alƙawari saboda maslahar, wannan hukunci ne, kuma na farkon bai haifar da na biyun ba. Likitan da ya san yadda cuta ke yaɗuwa bai zama mai goyon bayan cutar ba. Ɗalibi da yawa kan dawo gida da wannan ruɗani, yana ganin wayewa ita ce ya ɗaga kafaɗa ya ce ai haka duniya take. Shi kansa Thucydides, da ya gama labarin Melos, abin da ya biyo baya a littafinsa shi ne yaƙin Sisili, inda girman kan Atina ya kai rundunarta ga halaka a shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai kuma abin lura a halin masu ƙarfin kansu: ba kasafai suke yarda su ce ƙarfi kawai suka nuna ba. Kafin mamaye Iraƙi a 2003, sai da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya je gaban Kwamitin Sulhu a watan Fabrairu da hotuna da bayanan makaman ƙare-dangi, waɗanda daga baya ba a samu ba. Wanda ya wahalar da kansa neman hujja ya riga ya amsa cewa akwai ma'aunin da ake auna shi da shi. A kan irin wannan lura Hedley Bull da Michael Walzer suka gina littattafansu biyu da suka fito a 1977.

Manhajar jami'o'in Yamma tana koyar da ɗaya ɓangaren ma. Ana karanta Augustine da Thomas Aquinas, wanda ya gindaya wa yaƙi sharuɗɗa uku: shugaba halastacce, dalili na gaskiya, da kyakkyawar niyya. Ana karanta Hugo Grotius da littafinsa na 1625 kan dokar yaƙi da zaman lafiya, da Immanuel Kant da shawararsa ta 1795 kan dawwamammen zaman lafiya. Abin da galibi ba ya samun fili shi ne cewa fiye da shekara ɗari takwas kafin Grotius, malaman fiƙihu sun riga sun ware wa wannan batu babi na musamman da suka kira siyar. Muhammad bin Hasan al-Shaibani, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a 805, ya rubuta littattafai biyu a kai, ƙarami da babba, al-Sarakhsi kuma ya yi wa babban sharhi. A ciki an tattauna sulhu da tsagaita wuta, da hukuncin fursunonin yaƙi, da kariyar manzanni, da amana, wato lamunin da ake bai wa baƙo daga ƙasar abokan gaba ya shigo ya yi fatauci ya fita lafiya da ransa da dukiyarsa. Majid Khadduri ya fassara wani sashe na aikin al-Shaibani zuwa Ingilishi a 1966, amma har yau ya fi zama a sashen nazarin Musulunci fiye da ajin hulɗar ƙasashe.

Muhimmancin siyar ga tambayar da ake tattaunawa shi ne yadda ta amsa wa Hobbes tun kafin a haife shi. Ta yarda babu alƙali a duniya da zai tilasta wa sarakuna biyu, amma ba ta yarda cewa babu shaida ba. Alƙawari kaya ne a wuyan wanda ya ɗauka, kuma Allah ne zai tambaye shi, ko abokin alƙawarin Musulmi ne ko ba Musulmi ba, mai ƙarfi ne ko rarrauna. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, an amince da sharaɗin cewa duk wanda ya gudo daga Makka zuwa wajen Musulmi za a mayar da shi. Ana cikin rubuta yarjejeniyar sai ga Abu Jandal, ɗan Suhail bin Amr wanda ke wakiltar Ƙuraishawa, ya iso yana jan sarƙa a ƙafa, yana roƙon kada a mayar da shi hannun masu azabtar da shi. Abin ya yi wa sahabbai ciwo ƙwarai, musamman Sayyidina Umar. Manzon Allah (SAW) ya nemi Suhail ya bar masa shi, Suhail ya ƙi, sai ya ba Abu Jandal haƙuri, aka tafi da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito wani abu makamancin haka daga zamanin Mu'awiya: yana da yarjejeniyar tsagaita wuta da Rumawa, sai ya matsa da runduna kusa da iyaka don ya far musu da zarar wa'adi ya cika. Sahabi Amr bin Abasa ya sheƙo a kan doki ya tunatar da shi cewa wannan yaudara ce, ko dai a jira wa'adi, ko a sanar da abokin gaba a fili cewa an warware. Mu'awiya ya juya da rundunarsa.

Wannan ba ya nufin fiƙihu bai san maslaha ba. Malamai sun kafa ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa yana rataye ne da maslaharsu, domin dukiya da rayukan da yake riƙe da su ba nasa ba ne balle ya yi kyauta da su. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377 kuma ya zauna da Taimur a wajen ganuwar Dimashƙu a 1401, ya bayyana tashin dauloli da faɗuwarsu ta fuskar asabiyya da ƙarfi, da idon da ko Morgenthau bai fi shi kaifi ba. Bambancin yana ga iyaka: maslaha tana zaɓar wa shugaba wanda zai ƙulla alƙawari da shi da lokacin da zai ƙulla, amma ba ta halasta masa ha'inci bayan ya ƙulla. Haka nan rabon duniya gida biyu, Darul Islam da Darul Harb, ijtihadin malamai ne a zamanin daulolin da ba su da tsayayyun iyakoki, kuma sarakunan Musulmi da dama sun karya alƙawari kamar kowa. Ƙasashen Musulmi na yau kusan duk sun sa hannu a kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a ma'aunin fiƙihu shi ma alƙawari ne.

Ƙasar Hausa da Barno suna da tasu muhawarar a kan halascin yaƙi. Bayan mabiya Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka. Ya amsa cewa akwai cin hanci da miyagun al'adu a Barno, amma ya ce saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri, kuma irin waɗannan laifuka akwai su har a Misira. Muhammadu Bello ya mayar da martani da cewa Mai na Barno ya taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'ar Shehu, ya kuma kawo batun yanka ga duwatsu da itatuwa. Bello ya adana wasiƙun ɓangarorin biyu a littafinsa Infaƙul Maisur na 1812, har da hujjojin abokin hamayyarsa. Alƙalami bai raba gardamar ba: wajen 1826 zuwa 1827 al-Kanemi ya doshi Kano da runduna, Yakubun Bauchi ya tare shi, daga nan kowace daula ta tsaya a inda ƙarfinta ya kai.

Rikicin yankin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru ya nuna yadda mazhabobin biyu, ta maslaha da ta doka, ke karanta abu guda. Kamaru ta kai ƙarar Najeriya Kotun Duniya da ke Hague a 1994, kotun ta ba ta gaskiya a watan Oktoba na 2002, tana dogaro musamman da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Najeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da sojoji, kuma dakarunta ne ke riƙe da yankin. Duk da haka Olusegun Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a watan Yuni na 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙa yankin a watan Agusta na 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Masu mazhabar doka suna ganin ƙasa mai ƙarfi ce ta bi hukunci alhali tana da ikon ƙi. Masu mazhabar maslaha suna nuna cewa Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus ne shaidun yarjejeniyar, kuma Najeriya na buƙatar mutuncinta a idonsu. Masuntan yankin, waɗanda yawancinsu ke ɗaukar kansu 'yan Najeriya, ba a nemi ra'ayinsu ba a 1913, ba a kuma yi musu ƙuri'ar jin ra'ayi ba a 2006, kuma da yawansu sun bar matsugunansu sun koma jihar Kuros Riba.