Kwaikwayo ko jabu?

Matashin da ke son haɗa ƙaramin akwatin wasan bidiyo irin na da, a Yelu ko a Gaya, da wuya ya sami kayan asali. Kwaikwayo ya fi yawa a kasuwa. Shin wanda ya zaɓe shi ya taya ɓarawo sata ke nan?

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Famicom a 1983, ya daina ƙera shi a 2003. Tun kafin nan masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta kwaikwayonsa. A Rasha, samfurin Dendy ya bazu daga 1992. Ta haka ƴaƴan talakawa da yawa suka san wasan. Yau wa'adin kariyar ƙirar na'urar ya ƙare, amma haƙƙin mallakar wasannin yana nan, kuma loda su ba izini cin haƙƙi ne.

Game da na'urar kuwa, sai a rarrabe. Akwai kwaikwayo mai faɗin sunansa, kamar Orange Pi da ya bi sawun Raspberry Pi na 2012. Wannan koyi ne, irin na yaron maƙeri da ke bin hannun ubangidansa. Akwai kuma irin PolyStation, mai siffar PlayStation alhali cikinsa Famicom ne. Wannan algus ne, domin da ruɗin mai saye yake cin kasuwa.

Ma'aunin, a ganina, gaskiyar ciniki ce, tunda kama da wane ba wane ba ne. Malamai mu koya wa yara su kwaikwaya don su iya, su kuma kira aikin hannunsu da sunansa.