Inshora: Rashin Bangaskiya Ne Ko Ƙaunar Maƙwabci?

Kwanakin baya, a Ƙofar Ran cikin garin Bauchi, birkin motar wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya tsinke, ya banke wani mai keke Napep. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma keken ya lotse, ga shi kuwa na bashi ne. Da aka nemi takardar inshora, sai aka tarar ta jabu ce, irin wadda ake saye domin nuna wa 'yan sanda. Da na je yi masa jaje, ya ce mini, "Malam, ai ni ga Allah na dogara, ba ga kamfani ba." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Mene ne inshora? Mutane masu yawa ne kowa yake zuba ɗan kuɗi kowace shekara, domin a biya diyya ga 'yan kaɗan da asara ta faɗa wa. Iri biyu ne suka shafe mu a nan. Akwai ta dukiya, wadda take kare gida ko shago daga asarar gobara da sata. Duk wanda ya tuna gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 ya san yadda wahalar shekaru take zama toka a dare ɗaya. Akwai kuma ta alhaki, wadda take biyan mutumin da ka yi wa ɓarna. Ita ce doka ta wajabta wa masu mota. Tun Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida, diyyar dukiyar da aka lalata kuwa tana iya kaiwa naira miliyan 3.

Ginshiƙanta ba baƙi ba ne gare mu. Dole ka faɗi gaskiya a kan abin da za ka yi wa inshora. Dole abin ya zama wanda asararsa za ta taɓa ka. Diyya kuma mayar da kai take yi inda kake kafin asarar, ba ta azurta ka. Wannan ne ya raba ta da caca.

To, tanadi rashin bangaskiya ne? Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar har shekara bakwai, ba a kuwa kira shi marar bangaskiya ba. Littafin Fitowa sura 22 kuma ya ɗora wa wanda ya kunna wuta biyan gonar da ta ci. Wato tun dā alhakin ɓarna yana wuyan wanda ya jawo ta.

Gaskiya ne wasu kamfanoni suna jan ƙafa wajen biya, har mutane suka yanke ƙauna. Amma akwai hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana karɓar koke. Takardar gaske tana ba ka ikon kai kuka. Ta jabu ba ta da inda za a kai ta.

Ɗan'uwanmu yana da 'yancin jingina dukiyarsa ga Allah. Sai dai abin da ya jingina a ranar nan abincin 'ya'yan wani ne, ba tare da ya tambaye shi ba. Mai keken ya yi makonni bai fita aiki ba, mai bashi kuwa bai daina zuwa ba.

Mai karatu, ka duba takardar da take cikin motarka. Idan ta jabu ce, ka sake ta tun kafin wani ya zubar da hawaye saboda ita. Ubangiji ya ba mu zuciyar kula da maƙwabci. Amin.